Hannun hagun da Mozart bai rubuta ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon fiyano, kuma malamina ya ba ni koncerton Mozart mai lamba 26 (koncerto kiɗa ne da fiyano ke jagoranta, ƙungiyar makaɗa na mara masa baya), wanda ake ce wa na Naɗin Sarauta, ya ce in shirya shi. Ya dage lallai in nemi bugun da masana suka tace, irin wanda ake rubuta Urtext a bangonsa. Ni kuwa na riga na sauko da wani tsohon bugu kyauta daga intanet. Da na leƙa na malamina sai na ga wurare da yawa an buga abin da hannun hagu zai kaɗa da ƙananan haruffa, wato alamun sautin kiɗa. Me ya kawo haka? Kuma littafin ya cancanci kuɗin da ake sa masa?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Malaminka ya yi maka gata, don ya ɗora ka a kan koncerton da ya fi kowane nuna amfanin irin wannan bugu. Waɗannan ƙananan haruffa da ka gani ba daga alƙalamin Mozart suka fito ba. Tsohon bugun da ke hannunka ma yana ɗauke da su, sai dai shi ya buga su girma ɗaya da sauran, ya yi gum da bakinsa.

Mozart ya shigar da wannan koncerto cikin kundin da yake lissafa ayyukansa ranar 24 ga Fabrairu 1788, a Vienna. Mun san ya kaɗa shi a fadar Dresden a watan Afrilu na 1789, don ya faɗa wa matarsa Constanze haka a wasiƙa. Ya sake fita da shi a Frankfurt ranar 15 ga Oktoba 1790, cikin bukukuwan naɗin Leopold na Biyu a matsayin sarkin Daular Roma Mai Tsarki, kuma daga nan laƙabin ya samo asali. A duk waɗannan wurare shi da kansa ne a kan fiyano. Wannan shi ne mabuɗin maganar. Mutumin da ya tsara kiɗa don yatsunsa ba ya bukatar rubuta wa kansa abin da ya riga ya sani. Masu goge da masu busa dole a rubuta musu kowane harafi, tunda su ba sa cikin kansa. Shi kuwa layin hannun dama ya ishe shi tunatarwa.

Rubutun hannunsa na wannan koncerto yana nan har yau a ɗakin karatu na Morgan da ke New York, an ma buga hotonsa shafi-shafi a 1991. Idan ka buɗe wurin da fiyano ya fara shigowa shi kaɗai a babi na farko, daga gaɓa ta 81 zuwa ta 99, za ka ga layukan sama cike da rubutunsa, layukan ƙasa kuwa fayau, babu ko ɗigo. Babi na biyu gaba ɗayansa haka yake, daga farko har ƙarshe babu hannun hagu. A babi na uku ma akwai wurare masu yawa irin wannan. Inda hannayen biyu ke musayar gudu, ko inda hagun ke da wata magana tasa, nan ya zauna ya rubuta. Inda rakiya ce kawai, ya bar wa kansa.

Mozart ya rasu a Disamba 1791 ba a buga koncerton ba. A 1794 kamfanin Johann André da ke Offenbach ya fitar da bugu na farko. Mai sayar da littafi ba zai iya miƙa wa masu saye takarda da rabin layukanta wayam ba, saboda haka aka cike guraben. Manyan masana Mozart irin su Alfred Einstein da Alan Tyson sun tafi a kan cewa daga gidan André cikon ya fito. Daga nan kuma bugu ya riƙa kwafar bugu, har cikon ya zama kamar asali. Babban tarin ayyukan Mozart da Breitkopf & Härtel suka fara fitarwa a Leipzig a 1877, wanda yawancin kwafin kyauta na intanet daga shi ko daga 'ya'yansa suka fito, bai nuna wa mai karatu inda aka yi ɗinkin ba.

Har umarnin saurin kiɗa abin ya shafa. Kalmar Larghetto da ke kan babi na biyu da Allegretto da ke kan na uku suna cikin rubutun asali, amma da hannun wani aka rubuta su. Sabon tarin ayyukan Mozart, wanda ake taƙaita sunansa da NMA, ya faɗi haka a ƙasan shafin, a juzu'in da Wolfgang Rehm ya tace. Tsohon bai ce uffan ba. Ɗalibi zai iya shafe watanni yana jan babi na biyu a hankali, yana ganin biyayya yake wa Mozart, alhali bai san wa ya ba da umarnin ba.

To me mai tahƙiƙi yake yi, har aikinsa ya yi tsada? Idan ka taɓa ganin yadda malamanmu ke fitar da tsohon littafi, su tara kwafe-kwafen da almajirai suka rubuta a garuruwa daban-daban, su gwada su da juna, su raba matani da hashiyar da wani ya ƙara a gefe, to ka riga ka san sana'ar. Zai fara da tattara duk shaidun da suka rage: rubutun hannun mai kiɗan in yana nan, takardun da magatakarda suka kwafa wa 'yan ƙungiya, bugu na farko, wasiƙu. Sai ya tantance wanne ya fito daga wanne, don kwafi goma da suka fito daga uwa ɗaya shaida ɗaya ce. Sai ya zaɓi wanda zai jingina da shi, ya bi shi harafi-harafi. Duk inda ya sa hannunsa, dole ya bar alama. A NMA abin da edita ya ƙara yakan zo da ƙaramin rubutu, ko rubutu mai karkata, kuma layin da ke haɗa haruffa a numfashi ɗaya, in na edita ne, sai a zana shi tsinke-tsinke. Kamfanin Henle na Munich, wanda aka kafa a 1948, mai littattafan nan masu shuɗin bango, baka biyu yake sa wa ƙarinsa. Bayan haka akwai rahoton tahƙiƙi, inda ake bin gaɓa-gaɓa ana cewa a nan asali ya ce kaza, bugu na farko ya ce kaza, mun ɗauki wannan saboda kaza. Yawancin ɗalibai ba sa buɗe wannan sashe, kuma a ganina rabin kuɗinsu ke nan suka bari a kan tebur.

Aikin ya kai har ga takardar kanta. A zamanin Mozart da hannu ake yin takarda, kuma kowane gidan yin ta yana da hatimi da ke cikin jikinta, wanda ba ka gani sai ka ɗaga ta ga haske. Alan Tyson ya bi rubuce-rubucen Mozart a ɗakunan karatu na Turai da Amurka yana zana waɗannan hatimai, yana ƙirga layukan da aka ja a kowane shafi, ya fitar da littafinsa a kan haka a 1987. Da wannan hanya ya nuna cewa koncerto mai lamba 23, wanda Mozart ya kammala a Maris 1786, an fara rubuta shi tun kusan shekara biyu kafin nan, aka ajiye. A shafukan farko ma kayan busa da ake kira obo ya rubuta wa layi, daga baya ya mayar da su kilarinet. Haka koncertonsa na ƙarshe, mai lamba 27, da aka daɗe ana yi wa kallon kiɗan bankwana saboda kwanan watan Janairu 1791 da ke kansa, takardar ta nuna yawancinsa tun wajen 1788 aka zana shi. Wani abin da zai ba ka sha'awa: takardun da Mozart ya fi amfani da su a Vienna daga arewacin Italiya ake kawo su, da yawansu kuma hatiminsu jinjirin wata uku ne a jere. Irin wannan takarda mai wata uku ta Italiya ce fatake suka riƙa ƙetarowa da ita Sahara, kuma masu binciken tsofaffin littattafan ƙasar Hausa da Borno suna cin karo da ita a kai a kai.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, don nan ne ɗalibai masu ƙwazo suka fi ɓata. Da yawa in sun sayi bugun tahƙiƙi sai su ɗauka an ba su Mozart tsantsa, aikinsu kawai su kaɗa abin da ke shafi, kada su ƙara kada su rage. Littafin bai yi wannan alkawari ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna maka iyakar inda alƙalamin Mozart ya tsaya. Abin da yatsunsa suka yi bayan nan, takarda ba ta riƙe shi ba, kuma muna da hujja cewa ya yi yawa.

A 1784 ya aika wa mahaifinsa da yayarsa Nannerl wasu sababbin koncertoci zuwa Salzburg. Nannerl, wadda ita ma gwana ce a fiyano, ta duba babi na biyu na mai lamba 16 ta ce akwai wurin da ya yi holoƙo, kamar da abin da ya rage. Mozart ya amsa a wasiƙar watan Yuni cewa ta yi gaskiya, zai aiko mata da cikon. Wata ƙawatacciyar siga ta wannan wuri ta tsira, kuma in ka jera ta da ta asali za ka ga haruffa ƙalilan sun zama layi mai lanƙwasa da hawa da sauka. A babi na biyu na mai lamba 23 kuma, wajen ƙarshe, fiyano na tsalle daga harafi ɗaya a ƙasa zuwa ɗaya can sama, da fili mai faɗi a tsakani. Akwai wata tsohuwar takarda da ake dangantawa da ɗalibarsa Barbara Ployer, wadda ta cike waɗannan filaye da ado mai yawan gaske, har wasu masu kiɗa na yau suna ganin ya yi yawa. Ko ka so shi ko ka ƙi, daga cikin gidan ya fito. Rubutun mai lamba 24, da ke Royal College of Music a Landan, shi ma yana da wuraren da Mozart ya sa dogayen haruffa kawai, na farkon gudu da na ƙarshensa, ga kuma shafukan da ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa a wani layi, har edita ya rasa wadda zai kira ta ƙarshe sai ya zaɓa ya kuma faɗi dalilinsa.

A babi na biyu na naka koncerton, waƙar buɗewa tana da sauƙi ƙwarai, kuma tana dawowa sau da dama ba tare da ta sauya ba. Da wuya in yarda cewa mutumin da duk Turai ta san shi da ƙirƙira nan take ya maimaita ta iri ɗaya kowane zuwa. Johann Nepomuk Hummel, wanda ya zauna a gidan Mozart yana yaro yana ɗaukar darasi, ya sake tsara wasu koncertocin malaminsa don 'yan kiɗa huɗu, har da wannan, kuma ya yi musu ado ba kaɗan ba. Carl Reinecke, wani makaɗin fiyano Bajamushe da aka haifa a 1824, ya naɗi wannan babi a 1905 a kan irin takardar nan mai huji-huji da ke sa fiyano ya kaɗa kansa. Nemi wannan naɗi ka saurara. Hannun hagu na riga na dama sauka, haruffan da aka rubuta a tsaye tare yana warware su ɗaya bayan ɗaya, lokaci na miƙewa yana tsukewa. Ba na cewa haka Mozart ya yi, don tsakaninsu akwai zamani mai tsawo, kuma ɗanɗano ya canja. Amma zai cire maka tunanin cewa kaɗa shafi ƙeƙasasshe shi ne tsohuwar al'ada. A zamaninmu Robert Levin, makaɗin fiyano ɗan Amurka, shi ne ya fi kowa ɗaukar wannan magana da gaske, yana ƙirƙirar adonsa a gaban jama'a, kowane dare da irin nasa.

Saboda haka me za ka yi da ƙananan haruffan? Shawarata, ka fara koyon su yadda suke. Cikon André mai sauƙi ne, ba ya faɗa da abin da 'yan goge ke yi, kuma kunnuwan masu sauraro da masu jarrabawa sun saba da shi sama da shekara 200. Wanda bai ƙware a ilimin haɗa sautuka ba, in ya ce zai zubar da shi ya gina nasa, yawanci abin da zai fito bai kai na André ba. Amma ka koye su da sanin cewa shawara ce. In ka iske wurin da hagun ya yi nauyi ya danne waƙar, kana da damar rage harafi. In rakiyar ta yi ta maimaita salo ɗaya har ta gundure ka, je ka duba babi na biyu na masu lamba 23 da 27, inda Mozart ya rubuta hagun da kansa, ka ga yadda yake barin sarari, yadda wani lokaci haruffa biyu ke isarsa. Ka zauna da malaminka da fensir, ku gwada. Manyan haruffa kuwa kada ka taɓa su.

Akwai batun kadenza, wato wurin da ƙungiya ke tsayawa cak kusa da ƙarshen babi na farko a bar mai fiyano ya nuna kansa. Mozart ya rubuta wa koncertoci da yawa kadenza, galibi don yayarsa da ɗalibansa, ta mai lamba 23 ma a cikin jikin rubutun take. Amma na 20, 21, 22, 24, 25 da naka na 26 ba mu da tasa ko ɗaya. Shi ya sa a na 20 yawancin mutane ta Beethoven suke kaɗawa. Duk kadenzar da ka gani a littafinka, duba sunan wanda ya yi ta. Bugun kirki zai faɗa, kuma sau da yawa a rataye yake sa ta ko a 'yar takarda daban. Wajen zaɓe ka tuna da kayan da Mozart ya kaɗa. Fiyanonsa, ƙirar Anton Walter, wanda ke Salzburg yanzu, maɓallai 61 gare shi, naka 88. Sautinsa siriri ne, yana mutuwa da wuri, kuma da gwiwa ake ɗaga abin da ke sakin tsirkiyoyi, ba da ƙafa ba. Kadenzar da ta haura can ƙololuwar fiyanon zamani ko ta yi ta rugugi a ƙasa, tana iya yin daɗi, amma za a ji an fita daga ɗakin an shiga wani. Wannan ma dalili ne na guje wa bugun ƙarni na 19 da aka yi don koyarwa, waɗanda editocinsu suka ninka haruffa, suka zuba alamun taka feda, da na ƙara sauti da ragewa, suka ja dogayen layukan haɗi a inda Mozart ya yi gajeru. Gajerun layukan nan su ne lafazin kiɗan. In aka haɗe su, kamar mai magana ne da ba ya tsayawa a waƙafi.

Wani abu da za ka gani a bugun tahƙiƙi ya ɗaure maka kai: a wuraren da ƙungiya ke kiɗa fiyano na hutawa, za ka iske an buga wa hannun hagu layi. Mozart yakan rubuta col Basso a irin waɗannan wurare, ma'ana mai fiyano ya bi manyan gogen ƙasa, yana riƙe ƙungiyar daga inda yake zaune, tunda a lokacin babu mai tsayawa gaba da sanda. Yawancin masu kiɗa a fiyanon zamani suna barin wannan. Kai ma, da yake da fiyano na biyu za ka yi a madadin ƙungiya, bar shi. Ka dai san dalilin zamansa a shafin.

Batun ɗigo da ɗan tsayayyen layi a kan haruffa, waɗanda duka ke nuna a yanke sauti, masana sun daɗe suna jayayya ko Mozart ya bambanta su ko saurin alƙalami ne kawai. Kada ya hana ka barci a wannan mataki.

Sai maganar kuɗi. Koncerto yana fitowa a siga uku: babban littafi mai layin kowane ɗan ƙungiya, takardun da ake raba wa 'yan ƙungiyar, da kuma wanda aka taƙaita ƙungiyar ta koma fiyano na biyu. Na ukun kake bukata, na Bärenreiter ko Henle ko wani gida mai irin wannan suna. Ka sani cewa ko a cikinsa layin fiyano na farko ne kawai aka tace daga asali. Na biyun aikin wani ne na zamaninmu, haka ma lambobin yatsu, in akwai. Mozart bai sa lambar yatsa a koncertocinsa ba, don haka in ba su dace da hannunka ba, canja su ba tare da wani ɗar ba.

In kuɗin ya gagara a yanzu, ga canjin kuɗi ga kuɗin aikowa daga Turai, akwai mafita ta halal. Cibiyar Mozarteum ta Salzburg ta sa NMA gaba ɗaya a intanet tun 2006, kyauta ga mai nazari na kansa, da gabatarwar editoci da rahotanninsu. Nemi koncerton da lambarsa ta kundin Köchel, mai jera ayyukan Mozart da lamba, wato K. 537. Babban littafin ne za ka samu, ba mai fiyano biyu ba, amma ya isa. Buga tsohon bugunka a takarda, ka buɗe NMA a waya ko kwamfuta, ka bi su gaɓa-gaɓa. Duk harafin hagu da ka ga ƙarami ne a NMA, ja masa layi da jan biro a naka. Duk alamar ƙarfi ko laushi ko feda da babu ita a can, kewaye ta. Layukan haɗi kuma gyara su su koma yadda suke a can. Aikin zai ci maka maraice da dama, amma wanda ya yi shi ya san koncerton fiye da wanda ya saya ya ajiye.

Tsofaffin bugu da yawa ba su da lambar gaɓa, don haka kafin komai ƙirga ka rubuta lamba a farkon kowane layi, ka tabbata ta yi daidai da ta littafin malaminka, tunda shi zai zauna a fiyano na biyu. In kuma jarrabawa ko gasa za ka kai shi, karanta ƙa'idarsu tun yanzu a kan bugun da suke karɓa da batun kwafin hoto, ka kuma sanar da su kadenzar da ka zaɓa in sun nema.